Injin sassabe na fetur: wanne ne ke jure aikin kwangila?

Mai tambaya, Gumel:
Assalamu alaikum. Jama'a masu share gonaki da injin yankan ciyawa na ratayawa, wanne ya kamata mutum ya saya in aikin na kullum ne? Filayenmu akasari sabara ce da kalgo, sai gamba a bakin fadama. Hankalina ya rabu tsakanin Stihl, Husqvarna, Honda da 'yan China.

Ɗan kwangila, Ringim:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka duba suna, fara duba girman inji, wanda ake aunawa da cc. Sabara da kalgo itace ne, duk injin da bai kai cc 40 ba wahala zai sha, kuloci ya riƙa zamewa yana zafi har ya ƙone. Stihl FS 250 cc 40.2 ne, Husqvarna 143R-II kuma 41.5, ya ɗan fi nauyi. Dukansu suna sare toho mai kaurin babban yatsa da wuƙa mai baki uku ba gardama. Inda suka yi wa masu araha nisa shi ne jijjiga. Mai riƙe inji tun sassafe har azahar shi ya san wannan: in jijjiga ta yi yawa yatsu mutuwa suke yi, aiki ya ragu. Ka ɗauki mai hannu biyu irin na keke, da maratayi na kafaɗa biyu.

Makanike, Kura:
Gaskiya ne Alhaji, amma kada a raina ɗan China. CG430 da CG520, komai sunan da aka manna musu, cikinsu kusan ɗaya ne, kayan gyaransu kuma birjik a kasuwar Sabon Gari ta Kano: fistin, ringi, kafireto, kuloci, igiyar tayarwa. Injin da ya tsaya ranar Talata ya koma gona ranar Laraba ya fi mai tsadar da ke jiran kaya daga Legas, damina tana wucewa.

Abin da ya fi saurin mutuwa a jikinsu kan giya ne, can ƙasa inda wuƙa take. Akwai ɗan noti a gefensa, a kwance a matsa giris, kada a bari ya bushe. In za a sayo sabo a tafi da tsohon, don bututun akwai mai milimita 26 akwai mai 28, sandar ciki kuma akwai mai haƙora 7 akwai mai 9. In ba su dace ba ba zai shiga ba, ko ya shiga ya cinye haƙoran.

Amma yawancin injinan da ake kawo mana sun buga, haɗin mai ne ya kashe su, ba kamfani ba. Stihl da Husqvarna 50:1 suke so da man 2T mai kyau, wato mil 20 a litar fetur, mil 100 a lita biyar. Yawancin 'yan China 25:1 ne, mil 40 a lita, a duba takardar injin. A auna da sirinji, ban da kintace da murfin kwalba, ban da baƙin man mota. In mai ya yi kaɗan fistin ya karce silinda, ringi ya laƙe. In ya yi yawa filogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, injin ya rasa ƙarfi. Fetur ɗin 'yan bumburutu a tace shi. Haɗin da ya wuce wata guda a daina zuba shi, in kuma za a ajiye inji a zazzage tanki a bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, in ba haka ba robar cikin kafireto ta ƙandare.

Manomin rani, Auyo:
Mu nan kachalla ce matsalarmu a bakin magudanai, da ciyawar kunyoyin shinkafa, shi ya sa Honda ya fi karɓar mu. UMK435 ba a haɗa masa mai, fetur zalla yake sha, baƙin mai yana da mazubinsa daban, mil 100 kacal. Ana juye shi bayan awa 10 na farko, daga nan duk awa 50. In yara kake ba inji su tafi da shi, wannan kaɗai ya raba ka da fargabar haɗi. Ga sauƙin shan mai, ga ƙarancin ƙara. Sai dai cc 35.8 ne, a kurmin sabara irin naku zai yi sanyi, sai ko babbansa UMK450. Ɗanyar kachalla tana naɗewa a wuyan giya, da ka ji injin ya yi nauyi ka kashe ka warware.

Mai gyaran gonaki, Kazaure:
Malam, jabu ya yi yawa. Za ka ga launi daidai, suna daidai, cikin kuwa na mai araha ne. In farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai ka ja baya. Ka nemi lambar inji, littafinsa da takardar garanti, ka ce mai shago ya nuna maka fistin da kafireto na wannan samfurin kafin ka biya.

Makanike, Kura:
Ƙari a kan wuƙa. Notinta na hagu ne, a juyin agogo ake kwance shi, da yawa sun lalata zarensa wajen dagewa. Ramin wuƙa akwai milimita 25.4 akwai 20, wadda ba ta zauna daidai ba ita ke kawo girgiza ta ci giya. Wadda ta tsage a jefar, ba a yi mata walda. A yi sara daga dama zuwa hagu, kada a kai wa kututture goshin wuƙa ta gefen dama, don a nan ne take ƙwacewa. Mutane da dabbobi su ba da tazarar mita 15.

Ɗan kwangila, Ringim:
Lokacin hunturu kuma a duba matatar iska kullum da yamma, ƙura ce ke cin ringi. In ta soso ce a wanke da ruwan sabulu, ta bushe sarai kafin a mayar.