Akori-kurar mahaifinmu (Peugeot 504) tsatsa ta ci ƙasanta, daga ina zan fara gyara da ɗan abin da ke hannuna?

Malam_Na_Makarfi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙarfe.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Peugeot 504 akori-kura, haɗin Kaduna, takardunta na nuna 1986. Da ita ya yi ta jigilar rake da mazarƙwaila zuwa kasuwanni, damina ta kawo kai kuma ta koma ɗaukar taki. Tun da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi aka ajiye ta a bayan gida, gindin darbejiya, ba ta sake motsawa ba har ya rasu.

Ga halin da take ciki yanzu. Tayoyi duk sun sace sun nutse cikin ƙasa. Wajen da direba ke ajiye ƙafa ya huje, in ka ɗaga ledar kana ganin ƙasa ƙiri-ƙiri. Mazaunin batir ya ruɓe. Bayanta, inda ake jibge buhunan taki, ya zama kamar rariya. Ɓeraye sun cinye kujera da wasu wayoyi. Amma gilasai duk lafiya, ƙofofi na buɗewa suna rufuwa daidai, fitila ɗaya ce kawai ta fashe. Na zaro sandar gwajin mai na duba, baƙin mai ne zalla, ban ga alamar ruwa ba. Ban gwada tayar da ita ba.

Ni malamin firamare ne. Abin da nake da shi kwasar adashi ce, naira dubu ɗari shida, sai ɗan abin da zan riƙa cirewa a albashi. Ba motar ado nake so ba. Ina so ta tashi ta riƙa kwaso mana amfanin gona, kuma ina so yarana su shiga motar kakansu. Wani mai fenti ya zo ya gan ta, ya ce zai cike ramukan da fila, wato ƙullun da masu fenti ke cike rami da shi, ya feshe ta, ta fito sabuwa. Wani kuma ya ce in cire injin in sa na Toyota. Ni dai kaina ya ɗaure. Da inji ake farawa ko da bodi? Kuma kuɗin nan zai kai ni ina?

Tsohon_Fanel_Bita ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka.

Mai fentin nan ka sallame shi da kyakkyawar magana, kada ka ba shi ko sisi tukuna. Fila ba ta kashe tsatsa, rufe ta kawai take yi. Ka shafa ta a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, damina ɗaya za ka ga fentin ya fara kumbura yana tsagewa, kuɗin fenti ya tafi, tsatsar kuma ta ƙara nisa a ciki.

Kafin ka kashe komai, a jawo motar daga gindin bishiyar nan. Ganyen darbejiya yana taruwa a ƙasan gilashin gaba da lungunan bodi, ya riƙe laima, shi ke haifar da rabin ɓarnar. A ɗora ta a kan kututture ko bulo mai ƙarfi a wuri mai rufi, kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A wanke ƙasanta tas, a bar ta ta bushe. Sannan ka ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma ka kwanta ƙasa da tocila. Duk inda ka buga ya yi ƙara mai kauri, ƙarfe na nan. Inda ya yi lugub ko sukundireba ta shige, ka zagaye shi da alli.

Ramin wajen ƙafa da na baya da suka tayar maka da hankali, su ne masu sauƙi. Fallen ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, a yanke a sa wani. Wuraren da nake so ka duba da idon basira su ne waɗannan: dogayen ƙarafan shasi daga bayan kan mota zuwa ƙarshe, kunnuwan da safirin baya (jerin ƙarafan da ke ɗaukar nauyin kaya a kan tayoyin baya) ke rataye a jiki, saman inda shokozoban gaba ke ɗaure a cikin ɗakin inji, da dokin ƙofa na ƙasa. Tunda ka ce ta yi dakon taki, ka tsananta duba shasin da ke ƙarƙashin baya, don taki gishiri ne, in ya samu laima ya zubo ƙasa cin ƙarfe yake yi ba tausayi. In waɗannan wurare na da rai, motarka za ta gyaru. In kunnuwan safirin sun ruɓe har cikin shasi a wurare da yawa, to ka dakata mu sake magana, don wannan aikin ya fi ƙarfin adashinka. Ƙofofin da ka ce suna rufuwa daidai sun ba ni ƙwarin gwiwa, alama ce kan motar bai sunkuya ba.

In an zo yanka, a yanke har sai an iso farin ƙarfe mai lafiya, ko da ramin zai ninka yadda kake ganinsa. Masu gaggawa sukan ɗora faci a kan ruɓaɓɓen su liƙe, ruwa ya shiga tsakani ya zauna. Kada ka yarda. Falle mai kaurin milimita ɗaya ko ɗaya da ɗigo biyu ya isa wajen ƙafa, na baya a ɗan ƙara kauri. Kwanon rufi kuwa kada ya kusanci motarka: ya yi siriri, kuma hayaƙin da yake fitarwa in wuta ta taɓa shi yana cutar da mai walda. In kana son rage kuɗi, ka shiga Panteka a nan Kaduna ka sayi rufin wata matacciyar mota ko bonet ɗinta, ƙarfen mota ne na asali kuma ya fi sabon falle araha.

Walda ta kabaid ita aka fi yi a bodi wurinmu, amma zafinta na lanƙwasa falle, don haka a riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan ana tsallakawa ana barin wuri ya huce. Shasi kuma waldar lantarki yake so. Kafin a kunna wuta ko ɗaya, a sauke tankin mai gaba ɗaya a kai shi nesa. Tankin da ya daɗe babu mai ya fi cikakke haɗari, tururin da ke ciki ne ke fashewa.

Bayan walda a goge, a shafa jan fentin nan na kare tsatsa ciki da waje, a toshe bakin ɗinkin da abin toshewa. Ka iya yawo da ita haka da jajayen faci har shekara, ba abin kunya ba ne. Fentin ado shi ne na ƙarshe. Kuma ka yi aikin ƙarfen nan da rani.

Injiniya_Kwakwaci ya amsa:

Baba ya gama magana a kan bodi, ba abin da zan ƙara. Sai dai ni zan ce Malam ya san lafiyar injin kafin ya biya mai walda, tunda gwajin kusan kyauta ne.

Kada ka ɗaura batir ka murza makulli. Ka kwance filogi huɗun, suna can cikin rami a saman inji, sai da dogon sifana. Ka zuba ɗan baƙin mai gauraye da man dizal a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu yana jiƙa. Sannan ka sa sifana a kan fulin ƙasa, wato faifan da ke juya bel a ƙasan gaban inji, ka juya da hannu a hankali. In ya zagaya, alhamdu lillahi. In ya ƙi, kada ka sa ƙarfi, ka ƙara mai ka ƙara haƙuri.

In ya juya, a zubar da tsohon mai a sa sabo da sabuwar filta, a wanke kafireto, a goge kwantak ko a sa sabo, a duba wayoyin da ɓeraye suka taɓa don kada su haɗu su kama wuta. Fetur kuma daga galan za a ba shi da tiyo, tsohon tankin nan cike yake da tsatsa da dattin mai, zai toshe maka kafireto nan take. Ya tashi, ka saurare shi, ka duba hayaƙin, ka buɗe lagireto tun yana sanyi ka ga ko ruwa na kumfa.

Abu ɗaya da yaran makanikai na yanzu ba su sani ba game da injin 504: silif ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, zarewa suke, ruwa ne ke zagaye su kai tsaye. Wannan alheri ne, don in sun cinye ana sauya silif da fistin da ringi ba tare da an kai bulokin inji wurin bora, wato masu faɗaɗa ramin silinda, ba. Amma in an cire top silinda, wato kan injin da ke rufe silindoji, aka juya inji ba a danne silif ɗin ba, za su ɗago, abin da ke toshe gindinsu ya saki, ruwa ya riƙa gangarawa cikin mai. Don haka ka nemi dattijon makanikin da ya yi zamani da Peugeot. Shi top ɗin alminiyon ne, ruwan rijiya da aka yi ta zuba masa shekara da shekaru yana cin hanyoyin ruwansa, a duba shi sosai.

Maganar sa injin Toyota, ban goyi baya ba a kuɗin da ka faɗa. Ba inji kaɗai za ka saya ba, sai giyabos, sai a yanka mazaunin inji, a gyara firofela, a sake wayarin, ga lagireto. Adashin zai ƙare motar na kan bulo. Kamfanin PAN, mai haɗa Peugeot a Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, tun 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Saboda haka kayanta ba su ɓace ba, na hannu suna nan a Panteka da Ƙofar Ruwa a Kano. In za ka je saye ka tafi da tsohon a hannunka a gwada, don akwai bambanci tsakanin na akori-kura da na salun, musamman a ƙafar baya.

Kuma don Allah, ranar da ta tashi kada murna ta sa ka fita titi. Man birki yana shan laima, robobin ciki sun mutu, bututun ƙarfen na iya zama sun ci tsatsa ta inda ba ka gani. A sake robobin mastan birki da na ƙafafu, a sauya tiyo, a zuba sabon mai. Taya kuma ko ka hura ta tashi, ta riga ta tsattsage. In na hannu za ka saya, akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka ware kuɗin birki da taya tun yanzu ka ɓoye, kada walda ta cinye su.

Abba_Sabon_Gari ya amsa:

Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ƙaninka ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, motar kafireto mai injin kusan lita biyu ba ƙaramin nauyi ba ce ga mai albashi. In don gona ne kawai, ka sayar wa masu neman kayanta, ka haɗa da adashin ka fara tarin kuɗin 'yar kurkura. Na san abin da ya haɗa ka da motar ya wuce lissafi, amma ka yi lissafin dai kafin ka fara. In kuma ka dage, bayan ta tashi ka bincika maganar mayar da ita mai aiki da gas na CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya, bayanta na da filin ajiye tukunya.

Maman_Khalifa ta amsa:

Malam, ni ban san inji ba, amma akwai abin da ban ji kowa ya taɓo ba. An raba gado kuwa? In ba a raba ba, motar nan ba taka ba ce kai kaɗai, da haƙƙin mahaifiyarku da 'yan'uwanka mata a ciki. Yau da take ruɓe ba mai kallonta. Ranar da ta fito tana sheƙi tana kawo kuɗi, za a tuna ta kowa ce, kuma da gaskiyarsu. Na ga irin haka a danginmu a kan injin niƙa, har yau ba a gama shiryawa ba.

Ka tara su, a kira wanda ya san mota ya yi mata kuɗi a yadda take yanzu, a gaban shaidu. Ko a sa ta cikin rabonka, ko ka biya kowa nasa, ko su yafe maka da bakinsu, a rubuta kowa ya sa hannu. Da wannan takardar za ka je a yi canjin mallaka a sabunta lasisi. Ka kuma gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardun, ka ja kunnen mai walda kada ya yanke ko ya rufe inda lambar take.

Malam_Na_Makarfi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, gida da gonaki an raba, motar ce aka bari ba a yi maganarta ba don kowa na ganin ta mutu. Na yi wa yayanmu waya, mun sa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu zauna da Inna da sauran 'yan'uwa. Abba, na ji maganarka kuma ban ji haushi ba. Ba kullum za ta riƙa fita ba, lokacin kaka ne da ranar kasuwa, ina ganin zan iya da manta.

Baba, na shiga ƙarƙashinta da guduma kamar yadda ka ce, duk da ba a ɗaga ta ba tukuna, iya inda hannuna ya kai. Dogayen ƙarafan suna ƙara lafiya ta ɓangaren direba. Ta ɗaya ɓangaren, kunnen safirin na baya yana da ɓawon tsatsa mai kauri, da na ƙwanƙwasa ya zubo, amma sukundireba ba ta shige ba. Wannan a goge a shafa jan fenti ya isa, ko sai an ƙara masa ƙarfe? Injiniya, na zuba man a ramukan filogi jiya da yamma. Sifana mai lamba nawa ke kama fulin ƙasan, in aro kafin Asabar?