Matar da ta roƙi fatar layya, wace ce?

Ƴar Misfala:
Slm ƴan uwa. Don Allah wa ya san labarin wata mata ta zamanin da, wai ta yi arziki har ba a magana amma ƙarshe ranar sallar layya ta shiga gidan mutane tana roƙon fatar rago? Wani malami ya taɓo shi a wa'azi, na kasa cire shi a raina.

Baban Amira, Jidda:
Wslm Hajiya. Mahaifiyar Ja'afar Barmaki ce, wazirin halifa Haruna Rashid a Bagadaza. Gidansu ne ke juya daular kusan shekara 17, mijinta Yahaya waziri, ɗanta kuma aminin halifa na ƙut da ƙut. A 803, dawowarsu daga hajji ke nan, Haruna ya sa aka kashe Ja'afar, aka ƙwace dukiyar gidan kaf, Yahaya ya rasu a kurkuku a Raƙƙa a 805. Masu tarihi sun kawo cewa ta shigo wani gida da tsummokara a jikinta, ta ce akwai sallar da kuyangi 400 ke tsaye a kanta kuma duk da haka gani take ɗanta bai kyauta mata ba, yau kuwa fata biyu take so, ta shimfiɗa ɗaya ta rufa da ɗaya. Da aka ba ta dirhami 500 kamar ta mutu don murna.

Ƴar Misfala:
Innalillahi. To ita me ta yi?

Inna Mai Shayi, Madina:
Ba ta yi komai ba ƴata, abin da ke ƙona min rai ke nan wlh. Rigimar maza ce ta fada, ba a shawarce ta ba ranar hawa balle ranar sauka, amma ita ta kwana a ƙasa. Haka ƴaƴan Mu'utamid sarkin Ishbiliya ta Andalus, da Yusuf bin Tashfin mai mulkin Maroko ya kore shi a 1091 ya tsare shi a Agmat ta Maroko, ƴan matan da suka tashi a fada sai ga su suna kaɗi ana biyansu, ƙafa ba takalmi.

Baban Amira, Jidda:
Haka ne Inna. Ko a nan Saudiyya kin san mata nawa maigida na rasuwa iƙama, wato takardar zama, ta zama matsala, haya ta taru, gwalagwalan hannu su bi ɗaya bayan ɗaya.

Ƴar Misfala:
A layinmu ma akwai, bana ita zan fara kai wa naman layya in sha Allah.