Barci ya ƙaurace min, likita ta ce in gwada numfashi da yoga: wa ya taɓa yi?

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata na uku ke nan rabona da barcin kirki. Ina kwanciya a gajiye liƙis, amma da kaina ya taɓa filo sai lissafi ya taso: kuɗin makaranta, zubin adashi, maganar da wance ta yaɓa min tun bara. Sai in ji kiran assalatu idona biyu. An auna ni a asibiti, jinina bai hau ba. Likita ta ce damuwa ce, kafin a kai ga ƙwaya in gwada atisayen numfashi, har ta ambaci wata yoga ta hutu wadda ba a wahalar da jiki a cikinta. Ni a finafinan Indiya kawai na san yoga. Don Allah wanda ya yi da kansa ya faɗa min yadda ta kaya, ba abin da ya ji a gari ba.

Nas mai aikin dare: Sannu 'yar uwa, Allah ya yaye. Ni numfashin na sani. Nakan dawo daga aiki ƙarfe takwas na safe, jiki na son barci amma ƙirji na bugawa kamar har yanzu ina ɗakin haihuwa. Sai in kwanta rigingine, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. In shaƙa ta hanci ina ƙirga huɗu, in saki a hankali ina ƙirga shida. Hannun da ke kan ciki ne zai riƙa ɗagawa, na ƙirji ya zauna lafiya. Aikin yana wajen sakin: idan fitar iskar ta fi shigarta tsawo, bugun zuciya yakan lafa, domin akwai doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa zuciya da ciki, ita ke taka wa jiki birki. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, da wannan ƙirgen kuwa sai ki sauko wajen 6. Amma kar ki yi zalamar da na yi ranar farko. Na dinga zuƙar iska da ƙarfi wai don ta yi saurin aiki, sai ga jiri, yatsuna suna yi min kamar ana tsira allura.

Direban Kano zuwa Legas: Hajiya, ni ɗana ne ya nuna min wani a waya, 4-7-8, na wani likitan Amurka Andrew Weil. Ka shaƙa huɗu, ka riƙe bakwai, ka saki takwas. Riƙewar nan ta gagare ni, ji nake kamar an shaƙe ni. Na watsar da ita. Na Anti Nas ya fi kama da abin da talaka zai iya.

Ɗaliba a Pune: Anti, kin taɓo inda nake zaune. Irin yogar da likitarki ke nufi tushenta garin nan ne na Pune a ƙasar Indiya, wajen malamin yoga B.K.S. Iyengar, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Shi ya yi fice wajen tallafe jiki da bargo da filo da igiya da kujera, don marar lafiya da tsoho su ma su iya. Matar da nake haya a gidanta ce ta koya min lokacin jarrabawa, da ta ga na rame idanuna sun faɗa.

Ba miƙe jijiya ake yi ba, ba gumi. Kwanciya ce iri huɗu ko biyar, kowace ki daɗe a cikinta minti biyar zuwa goma ko fiye, jikinki a tallafe ta ko'ina har ya daina riƙe kansa. Wadda na fi so: ki shimfiɗa tabarma a jikin bango, ki kwanta, ki jingina ƙafafunki sama a bangon, ki naɗe zani ki sa a ƙarƙashin ƙugu, ki ɗora ɗankwali a kan ido. Minti uku na farko haushi za ki ji, ki ce wannan ai zaman banza ne. Can sai ki ji haƙoranki sun saki juna, kafaɗunki sun sauka, alhali ba ki ma san a ɗaure suke ba. Akwai kuma wadda za ki durƙusa ki rungume babban filo, kumatu a kansa, kamar yaron da barci ya sace a cinyar uwa. Ta ƙarshe sunanta shawasana, wato kwanciyar gawa. Da ta fassara min sai da na ce a'uzubillahi, ta yi ta dariya.

Malamin Islamiyya: 'Yata, Allah ya ba da nasarar karatu. Sai dai a lura, yoga ta fito ne daga addinin Hindu, kuma malamai sun yi magana a kanta. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008 saboda kirarin ibada da ke cikinta, ta Indonesiya kuma a 2009 ta haramta mai ɗauke da irin wannan kirari, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Ni ma na yi fama da rashin barci bayan rasuwar mai ɗakina. Abin da ya taimake ni shi ne tasbihin da Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da ta koka da gajiyar aikin gida: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34 lokacin kwanciya. Da ina yinsa a gurguje kamar ana kora ta. Da na koma jan kowace kalma tare da sakin numfashi, sau da yawa ba na kaiwa ƙarshen takbirin.

Ɗaliba a Pune: Gaskiya ne Baba Malam. Ajin da aka fara da waƙar “om” ba na zama. Bango da filo kawai na ɗauka.

Tela a Zinder: Ni fa ku bar ni. Na sauke manhajar nan da wata mata ke raɗa maka ka saki jikinka, ga ƙarar ruwan sama. Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sauro ya ce salamu alaikum. Ana cewa in kalli numfashina, ni kuwa ɗinkin salla goma sha ɗaya nake kallo.

Nas mai aikin dare: Maigida tela, haka kowa yake farawa. Tunani zai gudu, ka dawo da shi kan ƙirgen ba tare da faɗa ba, ya sake gudu ka sake dawo da shi. Dawowar ita ce atisayen. Na manta kuma: mai tsohon ciki kar ta daɗe a rigingine, ta kwanta ta gefen hagu. Mai hawan jinin da bai daidaita ba ko ciwon hawan ruwan ido ya tambayi likita kafin ya ɗaga ƙafa a bango.

Tsohon ma'aikacin banki: Ku ƙara da wautata. Da na ga numfashin yana kwantar min da hankali sai na ajiye maganin hawan jinina, na ce na warke. Sati uku aka kwashe ni zuwa asibiti da ciwon kai kamar zai tsage. Yanzu ina haɗa su biyun.

Maman 'yan biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau kwana goma ina yin huɗu da shida tare da tasbihin Baba Malam. Dare shida na samu barci kafin sha biyu, huɗu kuwa lissafin ya ci ni. Ta bangon sau biyu na gwada. Na farko 'yan biyu suka mai da cikina doki. Na biyu na kora su waje na manta ban sa sakata ba, sai ga surukata ta ɗaga labule ta same ni ƙafafu a sama, ɗankwali a fuska. Ta yi salati ta fita neman mai ruƙiyya. Ƙanwata ta Pune, a kan gado ma ana iya yi, ko dole sai a ƙasa?