Zan iya sayen kwantak lens da lambar tsohon tabarauna?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ba na gani daga nesa, lambar tabarauna -5.00 ce ido biyu. Ina son komawa kwantak lens, wannan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, don da na yi gumi tabarau sai ya riƙa zamewa. Takardar awona ta kwana biyu, kuma yanzu rubutu ya fara yi min hazo-hazo da yamma. In yi oda da lambar, ko dole sai na koma wurin likita?

Wani mai aikin awon ido: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kar ki yi oda da ita. Tabarau yana zama kamar milimita 12 a gaban ido, lens kuwa manne yake da ido, shi ya sa in lamba ta wuce 4.00 sai an sake lissafi. Mai -5.00 galibi -4.75 ake ba shi. Sannan akwai abin da takardar tabarau ba ta da shi sam: lanƙwasar lens, wadda ake rubutawa BC, misali 8.4 ko 8.6, da kuma faɗinsa. Za a auna gaban idonki, a sa miki na gwaji, ki ɗan zauna, a haska a ga yadda yake motsi in kin ƙifta. In ya matse, ido ya wahala. In ya yi sako-sako, ya yi ta yawo. Hazon nan ma kaɗai ya isa a sake awo.

Wata da ta daɗe tana sawa: Gaskiya ya faɗa miki. Ni dai tsafta zan ja miki kunne a kai. Ruwan famfo kar ya taɓa lens ɗin, ko wanka za ki yi ki cire. Kar ki kwana da shi. Mazubinsa a canza duk wata 3. Ido ya yi ja ko zafi, ki cire, a ranar ki je asibiti. In kin san ke mai ganda ce, ki nemi na sawa rana ɗaya a yar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na ga an rubuta CYL -1.25 a takardar, mene ne?

Mai aikin awon ido: Astigmatizim ne, wato gaban idon bai yi zagaye daidai ba. Akwai lens na musamman dominsa, torik. Ki tafi da takardar da tabaran duka, a sabunta shi ma, don ranar da ido ya gaji shi za ki sa.