Allon ƙaho ko littafin ƙaho? Neman sunan Hausa ga hornbook

Malamai da masu aikin fassara, kalmar da na kawo gabanku yau ita ce hornbook, wadda duk mai rubutu a kan karatun yara a garuruwan 'yan Furitan (wasu Kiristoci ne daga Ingila masu tsananin riƙo da addini) na Sabuwar Ingila, a arewa maso gabashin Amurka ta yanzu, ba makawa sai ya ci karo da ita. An riga an ba da shawarar a ce mata littafin ƙaho, ni kuwa ban gamsu ba.

Mu fara duba abin kansa. Ɗan katako ne mai faɗin tafin hannu da mariƙi a ƙasa, ana shimfiɗa masa takarda guda ɗaya mai ɗauke da haruffa manya da ƙanana, da haɗe-haɗensu, da Addu'ar Ubangiji ta Kiristoci. Daga nan sai a kawo ƙahon saniya da aka jiƙa ya yi laushi, aka fere shi ya yi siriri har ana hango rubutu ta cikinsa, a rufe takardar da shi, a danne gefuna da tagulla da ƙananan ƙusoshi. Sau da yawa akan huda mariƙin a zura igiya, yaro ya rataya a wuya ko a ƙugu. Dalilin duk wannan wahala shi ne takarda tana da tsada, hannun yaro kuma ba ya barin ta ta daɗe.

To, abin da ba shi da shafi na biyu, ba a buɗe shi, ba a rufe shi, da wace hujja za mu kira shi littafi? Bahaushe yana da sunan katako mai mariƙi da yaro ke fara karatun addini a kansa, wato allo. Kamancin ma ya wuce na siffa, domin a da yaron Boston, ɗaya daga cikin garuruwan nan, yakan fara da sanin haruffa tsirara kafin ya shiga haɗa su, kusan yadda almajiri ke bi ta babbaƙu kafin farfaru.

Manufar ma ta addini ce tun daga tushe. Mutanen da suka kafa Boston a 1630 sun yi imani cewa dole kowane mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, ba tare da dogaro ga bakin wani ba. A 1642 hukumar Massachusetts, yankin da Boston take ciki, ta ɗora wa iyaye da iyayen gida alhakin tabbatar da cewa yaran da ke hannunsu sun iya karatu, sun kuma san ƙa'idodin addini da manyan dokokin ƙasa. A 1647 aka ƙara wata doka wadda ta buɗe da zargin Shaiɗan da son raba mutane da sanin Nassi: garin da ya kai gidaje 50 ya ɗauki malamin karatu da rubutu, wanda ya kai 100 ya buɗe makarantar da za ta shirya samari zuwa jami'a, garin da ya ƙi kuwa ya biya tarar fam 5. Amma matakin farko yakan faru ne a gida, ko a ɗakin girkin wata mata da ke karɓar ɗan abin hasafi tana biya wa yaran unguwa karatu alhali tana ɗinki ko kaɗi. Daga wannan katako yaro ke wucewa zuwa ƙaramin littafin farawa, sai Zabura, sai Sabon Alkawari, sai Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya.

Akwai ƙorafi biyu da na san za a yi. Na farko, cewa allo ya keɓanta ga makarantar Alƙur'ani, bai da ƙarfi, tunda muna cewa baƙin allo a aji da allon sanarwa a bakin hanya ba tare da kowa ya ji wani abu ba. Na biyu ya fi nauyi. Allonmu ana rubuta shi da tawada, a haddace, a wanke, a sake rubuta na gaba, wato yana tafiya da yaro har sauka, nasu kuwa rubutunsa a kulle yake ƙarƙashin ƙaho, ranar da yaro ya iya shi aikinsa ya ƙare, sai a miƙa wa ƙane. Wannan bambanci gaskiya ne, kuma shi ya sa allo kaɗai ba zai wadatar ba, dole ƙahon ya biyo shi.

Saura matsalar ɗafi. Wanda ya ji allon ƙaho zai iya ɗauka da ƙaho aka sassaƙa shi ɗungurungum, yadda allon ƙarfe ke nufin na ƙarfe. Shawarata ita ce a ambato na farko a rubuta allo mai rufin ƙaho tare da jimla ɗaya ta bayani, daga nan a ci gaba da allon ƙaho, jam'insa allunan ƙaho. Idan akwai wanda ya ga wani suna dabam a rubuce-rubucen Hausa na coci ko na mishan, ya kawo mu auna su tare.