Musayar Waƙa: Masai da Rijiya Na Gaisawa

Dubagari, Auyo:
Salamu alaikum. Ruwa ya cika fadama, ga baiti na buɗe. Amsa-amonmu "wa". Wanda ya kauce ko ya bar giɓi, goro ne tararsa.

Bismillahi, da shi na fara,
Agusta ya zo, ruwa ya ƙara,
Kogin Haɗeja ya kwaso shara,
Masai da rijiya na gaisawa.

Kwalara ba iska take bi ba,
Ba maita ce ko sammu ba,
Kashin mai cutar ne, in ba ku ji ba,
Ya bi ruwa, baki na karɓewa.

A 2021 ta yi ɓarna,
Mutum dubu 100 da ɗori ta kama,
Sama da 3,000 sun kwanta dama,
Bauchi, Kano, har nan Jigawa.

Mita 30 tsakanin masai
Da bakin rijiya, ku auna sosai,
Rijiya a tudu, a ɗaure bakin daidai,
Guga a rataye, ban da yarwa.

Inna Ungozoma, Kafin Hausa:
Ɗana, ka tsaya a waje. Bari in shiga cikin gida.

Kai ka san rijiya, ni na san randa,
Moɗa guda ce, babu wanda
Ba ya tsoma ta har hannu, ko da
Daga bayan gida yake fitowa.

A sa mata murfi, moɗa mai mariƙi,
Ko a koma jarka mai ɗan baki,
Ruwan sha kuwa, ga nasa aiki:
Minti guda cur yana tafasowa.

Abin da ke cinye yaran ƙauye,
An ce haƙori ne, a bar shi a goye,
Uwa ta hana ruwa, nono a janye,
Wai kar a ƙara masa gudawa.

Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma,
Ki ja fatar ciki ta ƙi ta koma,
Fitsari ya ɗauke, nono ya ƙi kama,
Wannan ba haƙori ba ne ke tsirowa.

Malamar Asibiti, Ringim:
Sannu Inna, kin faɗi ciwon. Ga awon ORS, garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki.

Lita guda ta ruwa mai tsabta,
Ledar fiya wata biyu ke cika ta,
Ƙunshin ORS guda a juye cikinta,
Ban da ragi, ban da ƙarawa.

In babu ƙunshi, a haɗa na gida,
Sukari ƙaramin cokali shida,
Gishiri rabi, a shafe, kada
A yi masa tozo wurin zubawa.

Sukari ya yi yawa, ya ƙara zawo,
Gishiri ya zarce, jijjiga ya jawo,
Ki ɗanɗana shi kafin ki kawo,
In ya fi hawaye, sai zubarwa.

In ya yi amai, jira minti goma,
Cokali-cokali sai ki koma,
Awa 24 in ta cika ma,
Na jiya ya wuce, sabo ake haɗawa.

Ƙwayar zink kwana 10 ba fashi,
Miligiram 20 ake ba shi,
Ɗan ƙasa da wata 6, rabi ne nashi,
Ko zawo ya tsaya, ba a dainawa.

Mai kama da ruwan wankin shinkafa,
Ya wuce saiwar da za a dafa,
Yini guda kan kai babba ƙasa fa,
Sai asibiti, ana tafe ana kurɓawa.

Alaramma, ga tambaya gabanka:
Alhamis ta yi, ga maƙwabcinka
Ya tafi Maigatari, ɗa na shiɗewa a ɗaka,
Uwa ta jira shi, ko ta yi ficewa?

Alaramma, Taura:
Allah ya yi miki albarka, 'yata.

Ceton rai ba ya jiran izini,
Magidanta ku ba da shi tun yau, ku ji ni,
Da kuɗin babur a ajiye, don addini
Ya hana zuba ido yaro na mutuwa.

Sayyadina Umar ya nufi Sham,
Aka ce annoba ta sauka can,
Ya juya da jama'arsa nan da nan,
Ya ce ita ma ƙaddara ce, juyawa.

Amma gawa na da haƙƙi a kanmu,
Wanka, likkafani da sallarmu,
In kuka hana wanka, mutanenmu
Za su rufe baki, babu sanarwa.

Dubagari, Auyo:
Allah gafarta Malam, ba mai hanawa. Ebola ta koya wa duniya wannan darasi a 2014.

A Gini da Saliyo an fara da dole,
Jama'a suka ɓoye, abu ya dagule,
Sai da aka zauna aka kwance ƙulle-ƙulle
Da limamai da dangi wurin binnewa.

Masu wanka biyu ko uku sun isa,
Safar hannu ta roba kowa ya sa,
Kulorin kashi 2 cikin 100 a fesa,
Kafofin jiki, auduga ke toshewa.

Matsa cikin mamaci da aka saba,
Nan cutar take, kar a taɓa,
Ruwan wankan a rami, ba a kwata ba,
Nesa da rijiya, a bi da rufewa.

Wanda ya yi wankan ya bar tukunya,
Da damun gumba, ba abin kunya,
Kwanon wanke hannu na gayya
Ya huta, sabulu, buta na tsiyayawa.

Alaramma, Taura:
Matsa ciki mustahabbi ne a Malikiyya,
Barinsa bai ɓata wanka ko niyya,
Zan sa shi a huɗuba, a bar jayayya,
Mai unguwa ya sa a yi yekuwa.

Inna Ungozoma, Kafin Hausa:
Malam, huɗuba ba ta wuce zaure.

Mata ƙalilan ke zuwa Juma'a,
A gidan suna ake samun jama'a,
Ran bakwai da hantsi, ita ce sa'a,
A kai cokali da lita a yi nunawa.

Malamar Asibiti, Ringim:
Yaya Dubagari, ka bar ɗaya a baya,
Kulorin kashi 2 na cin fata kamar ƙaya,
Na wanke hannu kashi 0.05 ne, a rubuta ɗaya-ɗaya,
Jarka biyu, kar a yi musanyawa.

Goro a kanka. Ka aiko wa Inna, ita ce babba.