Muryar da muka ji a kaset ɗin Baba: ku ba ni shawara kafin Mma ta ƙona shi

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, kuma kwana biyar ke nan ban yi barcin kirki ba.

Mahaifinmu ɗan goro ne, ya rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Lokacin da ƙaninsa yake zaune a Jidda, ba wasiƙa suke yi wa juna ba. Baba yakan zauna a ɗaki da rikodarsa ya yi magana a kaset, idan alhazai za su tashi ya ba wani ya kai. Bara Baba Ƙarami ya dawo gida gaba ɗaya, ya miƙo mana leda da kaset goma sha ɗaya a ciki, ya ce gadonmu ne. Ba mu da muryar Baba a ko'ina sai a nan.

Ɗan yayata ya sayo wata ƙaramar rikoda mai wayar USB a Adum, ya fara juye su cikin laftof. A na huɗu, wanda aka rubuta 1992 da biro a jikinsa, muka ji abu biyu. Na farko, kafin Baba ya ce "Bismillahi", ana jin wata siririyar murya can ƙasa ta riga shi faɗa. Na biyu shi ne ya tayar mana da hankali. Wajen tsakiya, inda Baba ya yi shiru kamar yana kurɓar shayi, sai ga muryar tsohuwa. Ni na ji kamar tana cewa "ku dawo gida". Mma, mahaifiyarmu, tana ji ta dafe ƙirji, ta ce wallahi surukarta ce, wato Kaka. Kaka kuwa ta rasu tun 1990.

Yanzu Mma ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da kaset ɗin ba, ko a ƙona shi ko a binne. Na ɓoye shi a ɗakina. Ba na son saɓa mata, ba na kuma son rasa muryar mahaifina. Don Allah wanda ya san kan wannan abu ya taimake ni: mene ne muka ji, kuma yaya zan juye sauran ba tare da na lalata su ba?

Wani dattijo mai gyaran rediyo, Alabar:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya gafarta wa Alhaji. Kafin komai, ɗauko kowane kaset ki duba samansa. Akwai 'yan ƙananan haƙora biyu na roba, ɗaya a kowace kusurwa. Ki karye su da tsinke. In babu su, ko yaro ya danna jan maɓalli rikoda ba za ta goge komai ba.

Muryar farko na san ta, na sha jin ta a shago. Zaren kaset maganaɗisu ne a shafe a jikin leda, kuma a nannaɗe yake, wani zagaye a kan wani. Idan ya shekara talatin a haka, musamman a wuri mai zafi kamar Jidda, sautin da ke zagaye ɗaya yakan ɗan tsallaka ya zauna a kan maƙwabcinsa, kamar yadda tawada ke kama shafin da ke fuskantarta idan an rufe littafi bai bushe ba. Sai ki ji kalmar da ƙarfi a wurinta, ki kuma ji inuwarta kafin ta ko bayanta. Auna da agogo: zaren yana tafiyar santimita 4.76 a sakan ɗaya, don haka zagaye ɗaya yana cin tsakanin sakan ɗaya da rabi zuwa uku. Idan tazarar "Bismillahi" ta farko da ta biyu ta faɗo nan, to muryar Alhaji ce da kansa. Ya fi yawa a kaset masu tsawo, C90 da C120, domin zarensu ya fi na C60 siranta.

Ta biyu ba zan yanke hukunci ba sai na ji. Amma ki sani zaren yana ɗauke da gefen A da gefen B a jere da juna, kowanne yana tafiya ta nasa ɓangaren. Idan kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, ya goce ko da kaɗan, yakan ɗebo sautin ɗaya gefen, kuma a juye yake fitowa, daga ƙarshe zuwa farko. Magana a juye tana da ban tsoro a kunne. Ki juya kaset ɗin ki saurari daidai wannan wurin a gefen B.

Wata Hajiya daga Asawase:

Ƙanwata, ni dai ba na raina abin da uwa ta ji. Matar da ta zauna da surukarta shekara da shekaru a gida ɗaya, ta san tarinta ta san takunta, ba za a ce ba ta san muryarta ba. Kada ki ce mata kunnenta ne. Ki kai kaset ɗin gidan yayarki don hankalinta ya kwanta, ranar Juma'a ki soya masa ki rabar wa yara sadaka da sunan mamatan nan biyu. Wannan ba ya ɓata komai ko mene ne gaskiyar lamarin. Ƙonawa kuwa ban goyi baya ba. Ni da zan sami minti ɗaya na muryar mahaifiyata, da na ba da duk zannuwan da ke akwatina.

Malamin makarantar allo, Sabon Zango:

Baiwar Allah, Allah ya ƙara miki biyayya. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, an ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ce a'a, a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya dawowa ya shiga kaset ya aiko saƙo. Ki gaya wa mahaifiyarki wannan cikin ladabi, ko ki sa malamin da take jin maganarsa ya gaya mata.

Abin da nake ji miki tsoro shi ne masu cin abinci da firgicin mutane. Da zarar labarin ya fita za ki ga wanda zai ce a kawo rago, ko ya ce Kaka na da bashin da ba a biya ba kuma shi kaɗai ya san yadda za a sauke. Kada ki buɗe wa kowa wannan ƙofa. Abin da ke isa ga mamaci an faɗa a hadisin da Muslim ya ruwaito: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Shawarar Hajiyar Asawase ta sadaka tana kan hanya. Batun na'ura kuma a bar wa masu na'ura.

Wani matashi mai aikin haɗa sauti, Nima, Accra:

Anti, sannu da ƙoƙari. Tambaya ɗaya: ɗan yayarki ya tace sautin kafin ku saurara? Yawanci idan yara suka ji "shuuu" ɗin kaset sai su danna abin rage hayaniya a Audacity, manhajar gyaran sauti, har ƙarshe. Idan aka matsa masa da yawa, yana yayyanka shuu ɗin ya bar wani sauti kamar mutane na raɗa a ƙarƙashin ruwa. Na ga mutane sun firgita da abin da manhaja ta ƙirƙira da kanta. A nemo kwafin farko wanda ba a taɓa ba.

Ƙananan rikodar nan masu USB kuma ba na ba su amanar kaset mai daraja. Injinsu ba ya tafiya daidai, wani lokaci su tauna zare. A nemi babbar dek ta da, wato babbar na'urar kunna kaset, a kai wa Baba na Alabar ya canza mata bel, ya goge kanta da robar da ke jan zare da auduga da sifirit, ya daidaita ɗan sukurin da ke gefen kan har muryar ta fito tas. A fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Kafin a kunna naku, a duba ta 'yar tagar ko akwai farin hunhuna a zaren, damunar Kumasi ba ta wasa. Wanda ya yi hunhuna a ware shi, kada a saka shi. A duba kuma ɗan soson da ke bayan zaren bai faɗi ba. Sannan a tura kowanne gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya ko biyu, zaren ya saki jiki. Wannan ma yakan ɗan rage inuwar da Baba na Alabar ya yi bayani.

Daga ramin da sauti ke fita a bayan dek a ja gajeriyar waya zuwa ƙaramin akwatin sauti na USB, ba ramin makirfo na laftof ba. A ajiye wayar salula nesa, a cire caja laftof ya yi aiki da batir, domin wutarmu mai zagaye 50 a sakan tana sa ƙugi, doguwar waya mara kyau kuma takan kamo tashar rediyo ta zuba muku muryar baƙo a cikin aikin. A adana a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, 44.1 kHz, 16-bit ko sama. Awa ɗaya tana cin kusan megabait 600. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa shi. MP3 da za a tura wa dangi a WhatsApp daga jikinsa ake cirewa. Kwafi uku, ɗaya a wani gida dabam. Kaset ɗin ma a ajiye, a tsaye cikin akwatinsa, nesa da lasifika.

Game da "ku dawo gida": maganar muryoyin matattu a zare ta daɗe. A 1959 wani mai zane a Sweden, Friedrich Jürgenson, yana naɗar kukan tsuntsaye ya ce ya ji muryoyi, daga baya Konstantin Raudive ɗan Latbiya ya tara dubbai. Matsalar ita ce sau da yawa mai saurare ba ya jin kalmomin sai an gaya masa abin da zai ji. Ki gwada: yanko sakan goman nan, ki kunna wa mutum uku da ba su san labarin ba, kowa shi kaɗai, ki tambaye shi me ya ji. Sannan ki sa Audacity ta juya shi baya ki sake ji. Idan kuna son ƙwararru, a Jami'ar Ghana da ke Legon akwai taskar adana sauti mai sunan Farfesa J. H. Kwabena Nketia, sun daɗe suna juye tsofaffin zaruruwa. Tambayarsu ba laifi ba ne.

Wani direba, Tafo:

Ku yi haƙuri, amma ba komai ne sukurin rikoda ke warwarewa ba. Aljanu gaskiya ne, suna cikin Alkur'ani. Ni na fi son ta gwada duk abin da kuka ce, in bai fito ba kada a tilasta mata cewa inji ne.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga inda muka kwana. Na karye haƙoran duka, kaset ɗin yana gidan Yaya, mun yi sadakar masa. Tazarar "Bismillahi" sakan biyu da ɗan wani abu ce, Baba na Alabar ya yi gaskiya. Gefen B babu mace a ciki, karatun Alkur'ani ne. Yaron ya amsa cewa ya tace sautin, amma a kwafin farko ma muryar tana nan, har ta fi fitowa. Juya ta baya bai ba da komai ba. Cikin mutum ukun, ɗaya ta ji "ku dawo gida", ɗaya ya ji "a gaida gida", ɗaya ya ce tsohuwa ce dai amma bai kama kalma ba.

Sai na kai wa Baba Ƙarami. Ya saurara sau uku, hawaye na zuba. Ya ce uwarsa ce, ba ya shakka. Ya ce a lokacin kaset na da tsada, don haka idan ya gama jin saƙo yakan haɗo tsofaffin da tsaraba ya mayar wa Baba ya sake ɗauka a kansu. Kuma Kaka takan karɓi rikodar ta yi masa magana a ƙarshen kusan kowane saƙo, kullum maganarta ɗaya, yaushe zai dawo. Shin zai yiwu tsohuwar magana ta tsira bayan an ɗauki sabuwa a kanta?

Dattijo mai gyaran rediyo, Alabar:

Ƙwarai kuwa, 'yata. A cikin rikoda kai biyu ne a jere: na farko yana gogewa, na biyu yana rubutawa. Masu arha da yawa ba su da kan gogewa na lantarki, ɗan guntun maganaɗisu ne kawai ke matsowa ya taɓa zaren. Idan ya yi datti, ko bai zauna daidai ba, ko kaset ɗin irin mai kurom ne da ke son gogewa mai ƙarfi, tsohon sauti yakan saura a ƙasa. Muddin Alhaji na magana muryarsa ta danne shi, da ya yi shiru sai na ƙasan ya leƙo. Idan haka ne, Mma ba ta yi kuskure ba, surukarta ta ji, tana da rai a ranar da ta faɗa.

Ga yadda za mu tabbatar. In ragowar tsohon saƙo ne, ba a wuri ɗaya zai tsaya ba: za mu same shi a wasu wuraren shirun da ke kusa, maganar tana ci gaba. Ki kawo min shi da sauran goman ranar Asabar bayan azahar, ina da dek mai kyau. Ki zo da Baba Ƙarami, shi zai gane kalmomin uwarsa. Ki tambaye shi kuma ko akwai wanda bai mayar ba cikin na kafin 1990. In akwai, muryar Kaka tana ciki a sarari, ba a ƙarƙashin ta kowa ba, kuma shi za mu fara juyewa.